Kada Mu Manta Da Sunanmu

A shekarar 2001 wani mai zane ɗan ƙasar Japan, Hayao Miyazaki, ya fitar da fim na zane mai motsi da aka fi sani da Spirited Away. Ya ci kyautar Oscar a 2003. Tatsuniya ce, ba mu ɗauki iskokin da ke cikinta da gaske ba, amma akwai abin koyo.

Chihiro yarinya ce 'yar shekara 10, mai tsoro da yawan ƙorafi. Suna hanyar ƙaura ita da iyayenta sai suka ɓata, suka shiga wani gari shiru. Iyayen suka ga abinci ba mai shi, suka hau ci, suka rikiɗa suka zama aladu. Don ta cece su, sai ta nemi aiki a gidan wanka na iskoki. A can muka ga abubuwan mamaki: tsoho mai hannu shida yana hura wuta, jirgin ƙasa yana tafiya bisa ruwa.

Mai gidan, mayya Yubaba, tana mallakar ma'aikatanta ta wurin ƙwace sunayensu. Ta yanke sunan Chihiro ya koma Sen. Wanda ya manta da sunansa na ainihi ba zai ƙara ganin gida ba. Chihiro ta riƙe nata. Ta yi aikin ƙazanta da aminci, aka miƙa mata zinariya ta ƙi, har ta kuɓutar da iyayenta.

Wannan ya tuna mana da Daniyel. Shi ma an kai shi baƙuwar ƙasa, wato Babila, aka sāke masa suna, aka ajiye masa abincin sarki (Daniyel 1:7-8). Ya yi wa sarki hidima da kyau, amma bai manta ko shi na wane ne ba.

'Yan'uwa, musamman masu fita bana, mu ma za mu shiga wuraren da ba wanda ya san mu. Za a ba mu sabon laƙabi da sababbin abokai, a sa mana kwaɗayi a gaba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma Ubangiji ba ya barin nasa, ya san mu da suna.

Tambayoyi:
1. Me ya jawo wa iyayen Chihiro wahala?
2. Wane abu ne zai iya sa mu manta da sunan Kirista da muke amsawa?