Amsoshin Wasiƙun Masu Sauraro: Sinadarin Mazakuta da Sankarar Furostet

Furostet wani ɗan ƙullutun nama ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, kuma shi ne ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Sankarar da ke kama shi ita jama'a ke kira sankarar mafitsara. A Najeriya babu ciwon dajin da ya kai ta yawa a tsakanin maza. Ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna sama da maza 15,000 ke kamuwa da ita a shekara. Wasiƙun da suka iso shirin a wannan makon daga Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas kusan duk tambaya guda suke kewayawa: shin ƙarfin mazakuta ne ke jawo wannan ciwo?

Wasiƙa ta farko daga wani Alhaji ce, dillalin shanu a mayankar Oko-Oba da ke Agege. Yana so a fayyace masa alaƙar da ke tsakanin sinadarin mazakuta da furostet.

Sinadarin sunansa testostaron. 'Ya'yan maraina ne ke samar da kusan dukkansa, ɗan abin da ya rage kuma yana fitowa daga wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda. Shi ne ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina masa tsoka, ya tayar da sha'awa. Idan ya shiga furostet, ana sarrafa shi zuwa wani nau'i mafi ƙarfi da likitoci ke taƙaita sunansa da DHT, kuma da wannan ne furostet ke girma. Alhaji ya fi kowa sanin yadda bijimi ke sauyawa bayan an dandaƙe shi. Tun a ƙarni na 18 wani likitan fiɗa a Landan, John Hunter, ya lura cewa furostet ɗin dabbar da aka dandaƙe yakan motse. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges na Jami'ar Shikago a Amurka suka gwada wannan a kan mutanen da sankarar ta riga ta bazu a jikinsu. Da aka cire musu 'ya'yan maraina, ko aka ba su sinadarin mata, sai ciwon ya lafa, raɗaɗin ƙashi ya ragu. Wannan aiki ne ya sa aka bai wa Huggins kyautar Nobel a 1966, kuma har yau a kansa aka gina maganin sankarar da ta yi nisa.

Wani malamin Islamiyya daga unguwar Sango a Agege ya ɗora da tambayar da ta fi kowace wuya: in haka ne, ashe namijin da ya fi yawan sinadarin ya fi shiga haɗari?

Shekaru da dama likitoci ma haka suka ɗauka, amma bincike bai gaskata zaton ba. A 2008 wasu masana suka tattara sakamakon bincike 18 da aka yi a ƙasashe daban-daban, inda aka ɗebi jinin maza tun suna lafiya, sannan aka bi diddiginsu shekaru. Aka kwatanta mutum kusan 3,900 da suka kamu da wasu sama da 6,400 da ba su kamu ba. Ba a ga wata alaƙa tsakanin yawan testostaron a jini da kamuwa da cutar ba. A 2018 aka sake tattarawa, wannan karon bincike 20, sai aka ga ɗan bambanci a gefe guda: mazan da sinadarinsu ya yi ƙasa sosai, wato kashi ɗaya cikin goma na can ƙasa, haɗarinsu ya ragu da kashi 23 cikin ɗari. Daga nan zuwa sama kuwa, mai matsakaici da mai yawa duk kusan ɗaya suke.

Bayanin da masana irin su Abraham Morgentaler suka bayar shi ne, wuraren da sinadarin ke maƙalewa a cikin furostet suna da iyaka, kuma ɗan kaɗan ke cika su. Tulu in ya cika, ƙarin ruwa ba ya shiga. Shi ya sa janye sinadarin gaba ɗaya ke karya lagon sankarar, alhali ƙarinsa bisa abin da jiki ya saba ba ya ƙara mata wani abin a zo a gani. Akwai kuma hujjar da ido ke gani: testostaron ya fi yawa a jikin saurayi, yana raguwa sannu a hankali da shekaru, ita kuwa sankarar ba kasafai ake ganinta kafin shekara 40 ba, ta fi yawa bayan 60. Don haka auna testostaron ba ya nuna wanda zai kamu, kuma kashe kuɗi a kansa da wannan niyya asara ce.

Wata Hajiya daga Idi-Araba ta ji ana cewa yawan kusantar iyali na jawo wa magidanci ciwon. Babu hujja a kan haka. Wani bincike na Jami'ar Harvard da aka wallafa a 2016, wanda ya bi maza kusan 32,000, ya ma nuna waɗanda suka fi yawan fitar da maniyyi haɗarinsu ya ɗan yi ƙasa.

Daga Mile 12 wani ɗan kasuwa ya yi tambaya kan allurar testostaron da magungunan ƙarin kuzari da ake tallarsu a tasha. Abubuwa biyu ne mabambanta. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan maza sama da 5,000 masu ƙarancin sinadarin, kuma ba a ga ƙaruwar sankarar ba a cikin waɗanda aka bai wa maganin. Sai dai an tantance su tun farko, an cire duk wanda gwajin jininsa ya nuna alamar matsala, kuma 'yan shekaru kaɗan aka bi su. Mutumin da ke ɗauke da sankara bai sani ba, ya je kyamis ya sayi allura, ba ya cikin wannan lissafi. Su kuwa magungunan kwalba da na ƙulli, babbar matsalarsu ita ce mai sha bai san abin da aka zuba a ciki ba.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari uku ne: shekaru, gado, da kasancewa baƙar fata. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, haɗarinsa ya ninka kusan sau biyu. A Ingila an ƙiyasta cewa ɗaya cikin baƙaƙen maza huɗu zai kamu a rayuwarsa, alhali a tsakanin maza baki ɗaya ɗaya cikin takwas ne. A nan Legas, likitocin asibitin koyarwa na jihar da ke Ikeja sun wallafa a 2013 sakamakon gwajin da suka yi wa maza sama da 4,000 a unguwanni. Sun samu 43 da sankarar, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ciwonsu bai fita daga furostet ba. Dalilin shi ne cutar ba ta nuna alama da wuri. Yawan tashi fitsari da dare ko fitarsa da ƙyar galibi kumburin furostet ne na tsufa, wanda ba sankara ba ne. Ciwon baya da ƙugu da rama kuwa sukan zo ne bayan ta kai ƙashi. Abin da ya kamata namiji ya nema daga shekara 45, ko 40 in akwai gado, shi ne shawarar likita kan gwajin jini na PSA da duba furostet da yatsa. Hauhawar PSA kaɗai ba ta tabbatar da sankara. Sai an ɗebi ɗan nama an duba.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani matashi ce da aka ce za a cire wa babansa 'ya'yan maraina saboda sankarar, dangi kuma suka ƙi. Wannan ita ce hanyar Huggins, kuma ƙaramin aiki ne da ake yi sau ɗaya. Madadinsa allura ce irin goserelin, duk wata ko duk wata uku, wadda ke hana 'ya'yan marainan samar da sinadarin. Amfaninsu ɗaya ne, illarsu ma kusan ɗaya: mutuwar sha'awa, zafin jiki da gumi na farat ɗaya, kasala, ƙiba da raunin ƙashi. Bambancin yana aljihu, domin allurar da aka fara aka kasa ci gaba da saye ta fi fiɗar haɗari. Duk wadda aka zaɓa, tana danne ciwon ne, ba ta tumɓuke shi. Bayan wani lokaci sankarar kan koyi girma da ɗan sinadarin da ya rage, sai a koma ga magunguna irin abiraterone ko enzalutamide, ko maganin ƙona daji. Ana samun likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa na Ikeja da Idi-Araba, kuma a na Idi-Araba aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a 2019.