Jirgin Sani

Gulbin Telwa na Agadas sai da damina yake kawo ruwa daga duwatsun Azbin. Sani bai taɓa ganin jirgin ruwa ba, sai cikin littafi. Kawunsa masassaƙi ne, ya yi zaman Yamai, bakin kogin Isa.

Sani ya ce: "Kawu, sassaƙa mini jirgi."

Kawu ya ce: "Tare za mu yi."

Suka samo busasshen iccen tumfafiya, don ba shi da nauyi. Kawu ya fafe ciki da gizago. Sani ya kankare gefe ɗaya, ya gaji, ya bar ɗayan.

Suka sa jirgi cikin kwanon ruwa. Ya karkace, ya kife. Sani ya fashe da kuka.

Kawu ya ce: "Share hawaye. Dubi gefen nan, ya fi kauri."

Sani ya kankare shi har gefe biyu suka daidaita. Jirgi ya zauna bisa ruwa. Yanzu Sani na jiran damina.

Tambayoyi
1. Don mi suka zaɓi tumfafiya?
2. Mi ya kifar da jirgi?