Darasi Daga Rayuwar Bishop Samuel Ajayi Crowther

Karatu: Farawa 45:1-15; 50:15-21.

'Yan'uwa cikin Almasihu, yau za mu duba labarin wani bawan Allah wanda tafarkinsa ya yi kama da na Yusufu.

Sunansa Ajayi, mutumin Osogun cikin ƙasar Yarabawa. A shekara ta 1821 mayaƙa suka fāɗa wa garinsu, suka kama shi tare da uwarsa, yana yaro. Aka raba su. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har an taɓa musanya shi da doki. A 1822 aka sa shi cikin jirgin ruwa na masu fataucin bayi, amma jiragen Ingila suka tare su, suka kai shi Firitawun ta Saliyo. Can ya ji bishara, aka yi masa baftisma a 1825, ya ɗauki suna Samuel Crowther.

Da ya sami 'yanci da ilimi, bai zauna cikin jin daɗi ba. Ya koma ƙasar da aka sayar da shi, domin ya yi wa'azi. A 1846, a Abeokuta, ya sadu da uwarsa bayan shekara 25, daga baya ita ma ta karɓi baftisma. Ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Ya hau kogin Kwara, ya kafa aiki a Onica da Lokoja, ya riƙa ziyartar Etsu Masaba a Bida. Yakan yi magana da Musulmi da ladabi, ba da zagi ba. A 1864 aka naɗa shi bishop, shi ne baƙar fata na farko cikin Ekklesiyar Angilikan.

Gwaji mafi zafi ya zo masa cikin tsufa, kuma daga cikin gida ya fito. A 1890 waɗansu samarin mishan daga Ingila suka raina aikinsa, suka dakatar da ma'aikatansa a kan idonsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai bar Ubangijinsa ba. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Sai a 2014 Babban Bishop na Kantabiri ya nemi gafara a fili saboda abin da aka yi masa.

To, ina ribarmu? Cikinmu akwai waɗanda aka sace musu ɗa, ko aka ƙone musu gida. Akwai kuma dattawan da aka tozarta cikin ekklesiya. Allah bai ce mugunta ba kome ba ce, gama zai yi shari'a. Amma muguntar mutum ba ta iya rushe nufin Allah. Da Ajayi ya riƙe ƙiyayya, da bai koma da bishara ba.

Tambayoyi: Wa kake riƙe da shi a zuciya? Yaya ikilisiyarku take yi da tsofaffin ma'aikata?

Ubangiji ya ba mu zuciya mai gafara. Amin.