CIWON SUKARI: A SAN SHI TUN KAFIN YA YI ƁARNA

Jama'a, wannan darasi ya shafi ciwon sukari, wanda waɗansu ke kira ciwon suga. An ɗauko misalansa daga Zangon Agege da sauran unguwannin Hausawa na Ikko, amma abin da ke ciki ya shafi kowane ɗan ƙasa.

Mene ne ciwon sukari?

Tuwo da shinkafa da doya da burodi, in an ci su, jiki yakan narkar da su su zama sukari a cikin jini. A bayan tumbi akwai wata gaɓa mai fitar da wani ruwa da ake kira insulin. Aikin ruwan nan shi ne shigar da sukari cikin tsoka don ta sami ƙarfi. Idan ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina karɓarsa sosai, sai sukari ya taru a jini, ya yi ta cin jijiyoyi a hankali.

Ciwon yana da manyan iri biyu. Na farko ya fi kama yara da samari, kuma sai da allurar insulin kullum, wadda aka gano a Kanada cikin 1921. Na biyu ya fi kama manya, kuma fiye da mutum 90 cikin 100 na masu ciwon sukari shi ke gare su. A kansa za mu yi magana.

Me ke kawo shi?

Mu dubi mutumin da ya tashi a ƙauye yana noma, yana tafiya kasuwa a ƙasa. Ya zo Agege ya kama cinikin goro, yana wuni zaune a rumfa. Karin kumallonsa shayi ne mai zaƙi da rabin burodin Agege, da rana ya kora da lemon kwalba, wanda kwalba guda kan ɗauki sukari cokalin shayi 7 ko fiye. Sannu a hankali sai teɓa ta fito, ana ta yi masa barka da samu, alhali ƙofar ciwo ce ta buɗe. Haɗarin yana ƙaruwa ga wanda ya haura shekara 40, da wanda ya gaji ciwon, da mai hawan jini, da macen da sukarinta ya taɓa hawa tana da juna biyu.

Alamominsa

Yawan fitsari, musamman da dare, ƙishirwa mai tsanani, gajiya, rama ba dalili, gani dishi-dishi, mutuwar tafin ƙafa, da gyambon da ya ƙi warkewa. Amma a lura: mutum yakan yi shekaru da ciwon bai ji komai ba, har ya taɓa masa ido, ko ƙoda, ko zuciya, ko ya kai ga yanke ƙafa. Saboda haka kada a jira alama.

Gwaji

Ɗigon jini daga ɗan yatsa ya isa a fara. Ana yin gwajin da safe, bayan awa 8 ba a ci komai ba. In na'ura ta nuna 126 ko fiye, a wata na'urar kuwa 7.0, kuma aka sake wata rana ta nuna haka, to, ciwon ne. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. Ana wannan gwaji a ɗakin shan magani na unguwa, da Babban Asibitin Orile-Agege, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba.

Yadda ake riƙe shi

1. A rage girman malmala, a yawaita wake, alayyafo, zogale, kuɓewa da kifi. A bar lemon kwalba, a rage sukari a shayi da koko da fura. Zuma ma tana ɗaga sukarin jini.

2. A yi tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako.

3. A sha magani yadda likita ya tsara. Ƙwayar da aka fi farawa da ita ita ce metformin. Jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. In za a tafi gida da Salla ko da damina, a tafi da magani da katin asibiti.

4. A riƙa duba ƙafa kullum. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu, kada kuma a yi yawo ba takalmi.

5. A ga likita kafin watan azumi. Mai azumin da ya ji karkarwa, da zufa, da jiri, ko ya gwada ya ga ƙasa da 70, ya sha abu mai zaƙi nan take, domin ransa na cikin haɗari.

6. A guji masu tallar magani a tasha da kasuwa da ke cewa suna raba mutum da ciwon cikin mako guda. Sukan cinye kuɗi, su ɓata lokaci.

Kammalawa

Ciwon sukari ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta hanyar cin abinci tare. Wanda ya kiyaye ƙa'idodin nan yakan yi tsawon rai yana sana'arsa, da yardar Allah. Ana roƙon sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su isar da wannan saƙo. Kai kuma mai karatu, karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan ka je a gwada ka. Rigakafi ya fi magani.