Yadda Za Ka Hana Wayarka Ɓata Maka Suna

Ka shiga shagon kwamfuta a Hayin Banki da ke Kaduna, ka ce sunanka Ɗanladi, sai takarda ta fito da "Danlady". Mai karantawa kuma ya kira ka yadda ya gani. Abin da ciwo, domin a Hausa lanƙwasa ɗaya kan sauya ma'ana: ƙura daban, kura daban. Wani lokacin ma wayarka ce ke "gyara" sunan ba da izininka ba. Ga mafita a Gboard:

1. Buɗe Settings, ka shiga Languages, ka danna Add keyboard, ka zaɓi Hausa.
2. Danna b, d ko k ka riƙe, za ka ga ɓ, ɗ da ƙ.
3. Koma Settings, ka shiga Dictionary, sai Personal dictionary, ka adana sunanka yadda kake rubuta shi. Daga nan wayar za ta gane shi.

Amma a kula, yawancin fom na hukuma ba sa karɓar haruffa masu lanƙwasa. A nan, zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kai. Idan NIN ɗinka na ɗauke da Muhammad, BVN kuma Mohammed, kana iya shan wahala a banki. Tun 2021 JAMB ma da NIN take rajista, kuskuren zai bi ka har can.

Kafin a tura fom, karɓi wayar ko ka leƙa allon, ka karanta sunanka harafi bayan harafi.