Babi na Bakwai: Yaro da Fim ɗin Ƙagaggen Labarin Kimiyya: Nazarin Masoya Star Wars

7.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazarin yadda yaro kan taso da tsananin ƙaunar jerin fina-finai guda ɗaya, har abin ya shafi harshensa da wasanninsa da tunaninsa. An zaɓi jerin fina-finan Star Wars na ƙasar Amurka a matsayin misali, domin ya kusa cika shekara hamsin ana kallonsa, kuma yaran da suka fara ganinsa a yau wasunsu har sun yi jikoki. Ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana matakan wannan shaƙuwa, da tasirinta a kan harshe, da yadda malami zai amfana da ita a cikin aji.

7.1 Ma'anar Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne labarin da aka ƙaga, aka gina shi a kan na'urori ko duniyoyi ko halittun da babu su a zahiri, amma aka nuna cewa ilimin kimiyya da ƙere-ƙere ne ya samar da su ko ya kai mutum gare su. Ya bambanta da tatsuniya ta wajen hujjar da ake bayarwa. A tatsuniya tsafi ko aljani ne ke ɗauke mutum, a nan kuwa kumbo ne. Adabin Hausa ma bai rasa irin wannan ba, domin a shekarar 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka yi tafiya da wani yaro zuwa sararin samaniya.

7.2 Taƙaitaccen Tarihin Star Wars

George Lucas ne ya rubuta fim na farko, ya kuma ba da umarni. An fara nuna shi ranar 25 ga Mayu, 1977, a gidajen sinima 32 kacal a Amurka, sannan ya bazu a duniya. An ɗauki wani ɓangarensa a kudancin Tunisiya, kuma daga sunan garin Tataouine aka samo sunan duniyar da jarumin ya taso. Fim na biyu ya fito a 1980, na uku a 1983. An sake fitar da wasu uku a 1999 da 2002 da 2005. A shekarar 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lucas a kan kimanin dala biliyan huɗu, ya fitar da wasu ukun a 2015 da 2017 da 2019.

Jigon labarin tsoho ne. Saurayi mai suna Luke Skywalker ya taso a hannun dangi a wata gona, ya haɗu da dattijon da ya horar da shi, ya fita yaƙi da azzalumar daula. Lucas da kansa ya bayyana cewa ya amfana da littafin Joseph Campbell na 1949 a kan tafiyar jarumi a cikin hikayoyin al'ummun duniya.

7.3 Matakan Shaƙuwa

Idan aka ɗauki yaro ɗan shekara 8 a 1977, za a ga ya kai shekara 11 kafin ya ga fim na biyu, da 14 kafin na uku, da 30 lokacin da jerin ya dawo a 1999. Ke nan tare suka girma. Ana iya kasa wannan shaƙuwa mataki uku.

(a) Matakin kwaikwayo. A wancan zamani sai a sinima ake ganin fim ɗin, domin bai fito a kaset ɗin bidiyo ba sai 1982. Saboda haka yara suka cike giɓin da wasa, suna mai da sanda takobin haske. Kamfanin Kenner da aka ba izinin ƙera 'yan tsanar fim ɗin bai shirya ba a Kirsimetin 1977, sai ya sayar da kwali ɗauke da takardar alkawari, kayan suka iso a 1978.

(b) Matakin tattara ilimi. Yaro kan haddace sunayen jarumai da duniyoyi da jiragen sama jannati, ya nemi littattafai da mujallu don ƙarin bayani. A fim na 1980 mugun labarin, Darth Vader, ya faɗa wa Luke cewa shi ne mahaifinsa, masoya suka yi shekara uku suna gardama ko gaskiya ya faɗa.

(c) Matakin zama ɗan ƙungiya. Da girma ya zo, sai ƙaunar ta zama wata alama da mutum ke gane 'yan'uwansa da ita. Ƙungiyar 501st Legion, wadda aka kafa a 1997, mambobinta kan sa kayan sojojin fim ɗin su ziyarci asibitocin yara, su tara kuɗin taimako. A ƙidayar jama'a ta 2001 a Ingila da Wales, mutum fiye da 390,000 sun rubuta Jedi, wato sunan mayaƙan fim ɗin, a gurbin addini, galibi don raha.

7.4 Tasiri a Kan Harshe

Ta fuskar kalmomi, a 2019 babban ƙamus ɗin Ingilishi na Oxford ya shigar da kalmar Jedi da wasu 'yan'uwanta, abin da ke nuna cewa kalmar da aka ƙaga don fim tana iya zama gama-gari.

Ta fuskar ginin jimla, akwai dattijo Yoda, wanda yakan gabatar da karɓau a kan aikau da aikatau, saɓanin yadda Ingilishi ya saba. Yara kan kwaikwayi wannan salo tun kafin su san nahawu. Hausa ma tana bin tsarin aikau, aikatau, karɓau, amma ta yarda a gabatar da karɓau don ƙarfafawa. Misali:

Yara sun sayi doki.
Doki yara suka saya.

A jimla ta biyu, sun ya koma suka, sayi ya koma saya. Ashe abin da ya zama baƙo a kunnen Bature, a Hausa tsari ne mai ƙa'idarsa.

Ta fuskar raya harshe kuwa, an fassara fim na farko da muryoyin harshen Navajo a 2013, da na Ojibwe a 2024, dukkansu harsunan 'yan asalin Arewacin Amurka ne masu fuskantar raguwar masu magana. Manufar ita ce yaro ya ji harshen kakanninsa a bakin jaruman da yake ƙauna.

7.5 Illoli

Komai ya yi yawa yakan jawo matsala. Mai tsananin ƙauna kan ɗauka cewa labarin mallakarsa ne, duk wani sauyi kuma cin amanar ƙuruciyarsa ne. Jake Lloyd, yaron da ya fito a fim na 1999, ya sha tsangwama a makaranta. Kelly Marie Tran ta goge abubuwan da ta sa a Instagram a 2018 saboda zagi da wariyar launin fata. Haka kuma akwai nauyin sayen kayan wasa da ke hawa kan iyaye, da lokacin karatu da ke salwanta.

7.6 Darasi ga Malami

Malamin Hausa zai tarar da irin waɗannan yara a ajinsa, ko da abin ƙaunarsu fim ɗin Indiya ne ko na Kannywood ko zanen katun. Kuskure ne a kushe abin gaba ɗaya, domin yaron da ya haddace sunaye ɗari don sha'awa ya nuna yana da ƙwaƙwalwar koyo. Malami na iya sa shi ya ba da labarin da Hausa, ya ƙirƙiro wa na'urorin ciki sunaye, ya kwatanta jarumin da na wata tatsuniya, sannan ya rarrabe abin da kimiyya ta tabbatar da abin da aka ƙaga. Misali, ana jin ƙarar fashewa a sararin samaniya a cikin fim, alhali sauti ba ya tafiya inda babu iska.

7.7 Kammalawa

An ga cewa shaƙuwar yaro da jerin fim tana farawa da kwaikwayo, ta wuce zuwa tattara ilimi, ta kai ga shiga ƙungiya, kuma tana da amfani da illa. Aikin malami shi ne ya karkata wannan sha'awa zuwa karatu da rubutu cikin Hausa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Bambanta ƙagaggen labarin kimiyya da tatsuniya.
2. Kawo jimloli biyar da aka gabatar da karɓau a cikinsu, tare da bayyana sauye-sauyen da aka samu.
3. Tsara darasin minti 40 na aji biyar na firamare, wanda za a yi amfani da fim ɗin da yara ke ƙauna wajen koyar da insha'i.