Ɓoye Aikau a Labarin Ɓacewar Yaro: Darasi Daga Shaihu Umar

Ƙagaggen labarin da aka gina a kan ɓacewar yaro yana tafiya ne da tambaya guda: wa ya ɗauke shi? Aikin marubuci shi ne ya jinkirta amsar ba tare da ya yi wa mai karatu ƙarya ba, kuma nahawun Hausa ya tanadar masa kayan yin haka.

A duba waɗannan jimloli:

(1) Yaron ya ɓace.
(2) An sace yaron.
(3) Wani mutum ya sace yaron.
(4) Mutumin ya ɓatar da sawu.

A (1), aikatau ɓace ƙi-karɓau ne na giredi na 4 bisa rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960. Yaron ne aikau, don haka babu wanda ake zargi. A (2), lamirin an ya tabbatar da cewa akwai hannun mutum, amma ya sakaya shi. A (3), wani ya shigo da ɓarawon cikin labari ba tare da fayyace shi ba. A (4), madanganci -n ya nuna cewa an riga an san shi, ɓatar kuma, na giredi na 5, ya ɗora masa alhakin aikin. Daga (1) zuwa (4) ke nan asiri yake tonuwa mataki-mataki.

Sanannen misali a adabin Hausa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da R. M. East ya shirya a 1933. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa ta hamada, aka bautar da ita a Murzuk, kuma ba ta daɗe ba bayan sun sadu ta rasu.

Sai dai littafin ya saɓa wa labarin bincike na zamani ta fuskar mai ba da labari. Umar da kansa ne yake magana, yana dattijo malami a gaban almajiransa. Lamirin mutum na ɗaya ya riga ya shaida cewa yaron ya rayu. Saboda haka zullumin mai karatu ya tashi daga kan ɗan ya koma kan uwar, wadda ba ta san abin da shi ya sani ba.

Akwai kuma batun lokaci. Jerin aukuwa a labari yana hawa kan shuɗaɗɗen lokaci na biyu: aka, suka. A Cadawa da sauran ƙasar Maraɗi anka da sunka ake ji. Marubucin da ya ajiye labarinsa a can zai iya barin daidaitacciyar Hausa ga mai ba da labari, ya sa karin harshe a bakin taurari. Ta haka baƙon da ya furta suka a inda kowa ke cewa sunka ya bar wa mai bincike sawu.

Aikin gwaji: ɗalibi ya ɗauki babin da aka sace Umar, ya ware jimlolin da ke da an ko aka, sannan ya tantance inda suka ɓoye aikau da inda mahalli ya riga ya bayyana shi.